Soron Mai Ƙuli-ƙuli

An yi wata mata mai ƙuli-ƙuli, mijinta ya rasu, shekara goma sha huɗu tana haya a wani gidan ƙasa a bakin kasuwa. Ɗaki uku ne, biyu nata, na ukun mai gidan ke kulle buhunan geronsa a ciki. Mai neman man gyaɗa ba ya tambayar ƙofarta, ƙamshi ke kai shi. Da tsohon mai gidan ya rasu, gida ya faɗa hannun ɗansa, wani ɗan kasuwa mai yawan duba agogo. Ya zo ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, bai ga tsaga ba, bai ga tabon ruwa ba, sai ya ce ashe asara tsoho yake ta yi. Ya ninka kuɗin haya sau uku, ya ce in wata ya tsaya ba ta amince ba, akwai masu jira.

Daga ranar zama ya gagare ta. Ta ɗora gyaɗa ta ƙone, ta ɗora wata ita ma ta ƙone. Ta zari mayafi ta bi unguwa-unguwa neman ɗaki. Nan ba wurin kafa murhu, can matan gida sun ce hayaƙi zai ɓata musu shanya, wani kuma bayan gari ne, inda ko ƙuda ba zai bi ta ba balle mai saye. Barin ƙofar nan barin sana'a ne, ita ma ta sani. Ƙanin mijinta ya ce ta je ta durƙusa ta yi kuka, ta ce ba ta yi wa uban kuka ba, ba za ta fara a kan ɗa ba. Liman ya sa baki, aka karɓe shi da girma, aka rako shi har bakin titi, ba a rage ko kwabo ba. To, sai ta wanke ƙafa ta sami sabon mai gidan a shagonsa, ko zama ba ta yi ba.

"Na amince, Alhaji ƙarami. Amma daga yau soro naka ne. Ni haya na kama, ban kama gyara ba."

Ya yi dariya, ya ce soron da ba ya yoyo me zai ci masa. Bai san duk bazara ita ke kwaɓa ƙasa ta kafa tsani ta hau da kanta ba, masu cewa mace ba ta hawa soro suna faɗa tana yaɓenta. Uban ya sani, shi ya sa bai taɓa yi mata ƙari ba.

Ruwan farko da aka yi, ta jiyo ɗigo ta bayan bango, ɗis, ɗis, a kan buhu. Ta aika masa, don ba za ta bari hatsi ya lalace ta yi shiru ba. Ya turo magini, magini ya dubi inda ruwa ke ɗiga, ya hau ya yaɓe daidai samansa. Aka sake ruwa, ɗigo ya dawo. Ya turo wani, wannan ya lafta ƙasa a rabin soron har azara ta fara ƙara, ya karɓi ladansa ya tafi. Ɗigo yana nan. Ita kuwa kada ka ɗauka daɗi take ji. Ta sayar da tunkiyarta ta biya wata na biyu, na uku ba ta san inda zai fito ba. Bangon ɗakinta ma ya fara jiƙa. Da hadari ya haɗo sai ta kasa tsaye ta kasa zaune, ta je gindin tsani, ta ɗora ƙafa a matakin farko, ta sauke, ta koma ta kama muciya, ta sake dawowa.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci mai gidan ya zo da makulli. Yana buɗe ɗakin wari ya tare shi, buhu huɗu na sama gero ya yi tsiro. Ya fito tsakar gida. Sannan ya cire takalmi ya tsuguna a gefen murhunta.

"Baba, ta ina yake shiga?"

"Au, yau kuma Baba ce? Mu gama maganar ƙasa tukuna, sannan a hau sama."

Aka kira liman ya zama shaida. Haya ta koma yadda take, da ɗan ƙarin da ita ta yanka da bakinta, don ta ce komai ya yi tsada, ba ta cin haƙƙin kowa. Kuma ba a sake taɓa kuɗin sai an zauna da ita. Sai ta ɗaure zani ta hau, yana biye da ita yana tattare riga. Ta wuce yaɓen maginan ko kallo bai ishe ta ba, ta nufi kusurwar gabas, gindin zanko, taku goma daga inda ake ɗigo. Wata 'yar tsaga ce kamar tsinken tsintsiya. Nan iska ke kaɗa ruwa ya shiga, ya bi jikin azara a ɓoye, sai can yamma ya sauka. Ƙasar da ta toshe wurin da ita ba ta kai malmalar tuwo ba. Ta sauko ta wanke hannu, ta ce ya fitar da sauran geron ya shanya tun da rana.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.