Tauraro Ɗaya a Kan Miyar Kuka

Ka ce an soki aikinka a bainar jama'a, har abin ya hana ka sakat. To zauna ka ji misalin wata mai tuwo.

Wata mata ce mai gidan abinci a bayan tashar mota, rumfar kwano da 'yan bencina. Tuwon shinkafa da miyar kuka take yi, mai daddawa da man shanu, irin wadda direba ke baro fasinjoji a mota don ya suɗe kwano. Da zamani ya kawo shafin intanet da mutane ke rubuta ra'ayinsu a kan wuraren cin abinci, suna ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, sai sunanta ya shiga ba tare da an nemi izininta ba. Wani ya ba ta biyar, ya ce santi ya sa motarsa ta tashi ta bar shi. Wata ma'aikaciyar jinya kuwa ta ba ta ɗaya, ta ce miyar lami ce, kamar an kaɗa kuka a ruwan randa. Nan fa gardama ta ɓarke. Masu yabo suka ce abincin gwangwani ne ya kashe wa masu suka harshe. Masu suka suka ce ai an saye masu yabon ne da tsoka bibbiyu. Kowane ɓangare yana rantsuwa da abin da bakinsa ya gaya masa, ana ta yi, baƙi kuma suna karantawa. Matafiyi ya sauka daga mota, ya duba waya, ya dubi rumfar, ya yi gaba. Tuwo ya fara kwana. Matar ta karanta sukar nan har ta haddace, ta yanke a ranta cewa hassada ce, wani ne ke son ƙwace mata kasuwa ya ɗauko 'yan haya. Ita dai ta san miyarta. Hannun da ya koya a gaban kakarta ba yau zai manta gishiri ba. Cikin fushi ta rubuta wa ma'aikaciyar jinyar cewa idan ta isa ta zo ta ci kyauta, ta maimaita maganar ido da ido.

Ba ta zaci za ta zo ba, sai ga ta ranar Alhamis da yamma, da jakarta a kafaɗa, ta yi sallama ta zauna. Aka zuba mata. Ta yi loma biyu, ta wanke hannu, ta turo kwanon a hankali. "Hajiya, ke ɗanɗana." Mai tuwo ta haɗe rai ta ce azumi take. "To ba komai, zan jira," in ji baƙuwar, ta gyara zama kamar wadda ba ta da wurin zuwa. Mai tuwon ta daɗe tana azumin Litinin da Alhamis, kuma a ranakun ba ta kai cokali baki, gudun kada wani abu ya wuce maƙogwaro. Da ido take auna gishiri, tana tsoron kada ya zarce, sai ta riƙa janye hannu. Da an kira magariba kuma gida take tafiya ta sha kunu, don haka ba ta taɓa cin miyar ranar azuminta ba. Ranar dai ta tsaya. Ladan ya kira salla, ta kurɓi ruwa, ta gutsiri tuwon ta dangwala. Ta tauna. Ta sake dangwalawa ko harshen ne bai farka ba. Lami ce, babu ko shakka. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne da ta gaya wa wani tsohon direba da ke cin abincinta tun yana yaron mota, dariya ya yi. "Mun sani mana, Hajiya. Amma wa zai ce wa mai azumi miyarta ba gishiri? Mu dai ranar sai mu lallaɓa gun mai shinkafa da wake." Ashe masoyanta kunya ta sa sun bar mata ranakun nan biyu, baƙi kaɗai ke faɗawa ciki, baƙo kuwa ba ya jin nauyin rubuta abin da ya ci. Masu biyar ba su yi ƙarya ba, masu ɗaya ma haka. Tukunya biyu suke musu a kai suna zaton ɗaya ce.

Ba ta bar azuminta ba. Ranar da take yi, sai ta miƙa ludayi ga matar da ke tuƙa mata tuwo, ta tsaya tana kallon fuskarta har sai ta gyaɗa kai. Ta kuma rubuta a ƙarƙashin sukar nan, inda kowa zai gani, cewa gaskiya aka faɗa, an gode, an gyara. Baƙi suka fara tsayawa, wasu ma don su ga mai tuwon da ta amsa laifinta. Ma'aikaciyar jinyar takan biyo duk Alhamis, ta biya kuɗinta kamar kowa, ta roƙi ƙarin man shanu. Ba ta taɓa neman ko cokali ɗaya daga kasuwar matar nan ba, miya mai gishiri kawai take so.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.