Sunan Ɗan Fari a Gaban Rumbu

Tun da aka damƙa maganin asibiti a hannun Rumbu, kwamfutar da ke riƙe da bayanan kowa, ko ƙwaya ɗaya ba ta fita sai an shigar da tambaya daidai. Kande ta yi sammako wurin Malam Sallau, mai rubuta wa mutane tambaya a bakin asibiti. Ɗanta na fari yana kwance da ciwon suga, allurarsa ta ƙare.

Sau uku Malam Sallau yana turawa, Rumbu na cewa babu.

"Inna Kande, wai wa kika sa na nema?"

"Yaron nan mana. Babangida."

"Babangida sun fi dubu a garin nan. Sunan yanka nake so."

"Haba Malam, ɗan fari ne fa, kuma sunan surukina ya ci. Nemo shi ta unguwa."

Ya yi tsaki, ya goge, ya sake rubutawa dalla-dalla: unguwar Rimi, haihuwar Laraba, uwa Kande. Mutum tara suka fito. Ya ƙara shekara, suka koma biyu.

"Iyakata ke nan, Inna. Rumbu ba ya nuna suna, sai uwa ta faɗa da bakinta. In na yi canke na kuskure, wata guda za a rufe katinsa."

Kande ta waiwaya, layi duk an kasa kunne. Ta yi bisimilla, ta sunkuya kan na'urar da Malam Sallau ke tura tambaya da ita, ta raɗa abin da bakinta bai furta ba shekara ashirin da shida.

"Zubairu."

"Ban ji ba," in ji Rumbu. "A ɗaga murya."