Ciwon Cikin Uwaisu

Gorar farko a kafaɗa ta sami Ya'u, ta biyu ta karya masa hannu. Muktar bai tsaya ba sai da ya farfashe duk kwalaben da ke rumfar, can bayan gari a Zango. Kowa ya san Ya'u na sayar da giya a ɓoye tun da aka ƙaddamar da shari'a. Kowa kuma ya san Muktar, mahaucin Daura da bai iya horo da baki ba.

"Kai ka lalata mini ƙane," in ji Muktar.

"Wallahi ban ma san shi ba," Ya'u ya ce, jini na bin haɓarsa. Ya sami ƙari a baki.

Ƙanen nasa, Uwaisu, yana kwance a asibiti, ciki ya yi tulu, amai ba ƙaƙƙautawa. Likita ya ce wata tsoka ce a bayan tumbi ta kumbura, ruwanta na cin naman jikinsa. Aka hana shi ci da sha, aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka zura masa roba ta hanci. Hoto bai nuna tsakuwa a matsarmama ba, sai likita ya shiga tambayoyi. Ya faɗi? An buge shi? Uwaisu ya dubi yayansa da ke tsaye a kansa, ya ce a'a. Yana shan giya? Kafin ya buɗe baki Muktar ya fice, ya ɗauki gora ya nufi Zango.

Ko da ya dawo daga Zango an wuce da Uwaisu Katsina, an shiga da shi tiyata. Ya bi su can, ya tarar da mahaifiyarsu Nagoggo a baranda, ko kallonsa ba ta yi ba. Tsoro ya kama shi, domin duk duniya ba wanda yake so kamar Uwaisu.

Likitan tiyata ya fito ya ce sun kwashe ruɓaɓɓen nama, sun bar robobi suna tsiyayar da ruwa, saura addu'a. "Amma ba giya ba ce. Tsokar a tsage take, an danne ta a jikin ƙashin baya. Duka ne. Da ya faɗa mana tun farko, da ba mu makara haka ba."

Muktar ya miƙe, idanu jawur. "Inna, sunansa kawai nake so."

Sai yanzu Nagoggo ta ɗago.

"Ɗan'uwanka mai kunya ne. Ta yaya zai ce a gabanka gwiwar Yaya ce, ranar da ya bar bijimi ya tsinke a mayanka?"