Kilishi a Kwandon Baba

Tun da hukuma ta buɗe shagon abinci mai rahusa a unguwar su Tabawa, ganye ya wadata, sai dai na'urar shagon ce ke zaɓa wa kowa abin da jikinsa zai ɗauka, bisa bayanan asibitinsa. Shekara da shekaru tana hana mahaifin Tabawa gishiri da sukari, tsohon yana ta mita.

Ran Laraba Tabawa ta je karɓo kwandonsa, ta tarar da kilishi da alewa a kan alayyafo.

"Malam Sallau, an yi kuskure," ta ce wa mai shagon.

Ya duba allon na'urar, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ba kuskure, 'yata. Na'urar ta daina hana shi komai, don hanin ba zai ƙara masa kwana ba. Kai masa yanzu, kada ki tsaya a hanya."