Kifin Jidda

Igiyar fatsar ta yanke min hannu, amma na ƙi saki. Mazan da muka yi hayar jirgin ruwan tare sun ce mace ba za ta iya ba. Ni na jawo kifi mafi girma a ranar, a tekun Jidda.

Inna kuwa na ce mata asibitinmu ya hana ni hutu, ba zuwa gida bana.

Ina komawa bakin aiki a Riyad ta kira.

"Bashira, yayanki ya kawo ni Umra, har mun kwana a Jidda. Na hana shi gaya miki, kina fama da aiki. A gaban Ka'aba hutu kawai na roƙa miki, 'yar nan."

Kifin yana firji har yau.