Gurasar Otabek

Dusar ƙanƙara ta fara zuba a Tashkent. Na kwashe teburan waje na gidan abincinmu, saura na Baba Rahimjon.

"Baba, shigo ciki, sanyin nan zai kashe ka."

"Rabu da ni. Daga ciki ba a hango titi."

Tun lokacin zafi nan yake wuni, rungume da busasshiyar gurasa. Ɗansa ya gutsura ranar tafiya soja, aka ajiye sauran yadda muka saba, wai in ya dawo ya ƙarasa.

Na miƙa hannu zan karɓa. Ya make ni.

"Kul! Ta Otabek ce!"

Na gyara masa bargo. Ni ne Otabek. Shekara huɗu ke nan da dawowata.