Ranar da Kawu Ya Share Dara

Jikata tana ƙera mutanen cikin wasan kwamfuta. Ta ce, "Kaka, mugun da na yi ba ya tsorata kowa, zare ido kawai ya iya."

Sai na tuna wata la'asar a Keffi, ina yaro. Saura kaɗan in cinye kawuna a dara gaban abokansa, sai ya miƙe yana murmushi, ya share ramukan da ƙafa.

"Ɗana, ka gaji. Je ka sha ruwa."

Kowa ya yaba tausayinsa. Na zaga ƙasashe, ban ga mugunta mai laushin wannan ba.

Da na ba ta labarin, jikata ta sa kawun a wasan, har murmushin. Abu ɗaya na roƙa: kada ta bar shi ya tashi sai na cinye shi.